Layin Tudun Baƙo

Shafi na 27

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaban labari, ina ci gaban labari?", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, samu wuri ka zauna, ba ka makara ba.

*

Sauda tana tsugune a tsakar gida tana goge fuskar wayarta da bakin hijabi, sai ga sallamar Yaya Habibullahi. Ya shigo da kwali a hammata, farar shaddarsa sai ɗaukar ido take, turarensa ma ya riga shi isowa. Daga Kano yake, da ganinsa ko karyawa bai tsaya yi ba.

Ya dire kwalin a gabanta.

"Buɗe."

"Yaya sannu da hanya. Ya su Anti Baraka?"

"Suna lafiya. Buɗe na ce miki."

Ta buɗe. 'Yar na'urar intanet ce fara tas, mai batir, da kunnuwa biyu a tsaye. Ga sabon sim a maƙale a jikin takarda.

"Daga yau an gama zuwa gona karatu," ya ce yana gyara zaman hularsa. "A ɗakin Umma za ki yi saukarki, ki ja ƙofa ki rufe kamar kowace 'yar mutunci."

Sauda ta ɗago ta dube shi.

Ku tuna fa, yau ce ranar. Shekara ta biyu ke nan duk Alhamis da hantsi tana karanta wa Malama Alƙur'ani da ka ta kiran bidiyo. Malamar tana can Alƙahira, tsohuwa ce daga Hausawan Sudan. Hausarta da ɗan nauyi, amma kunnenta, hmm, ko wasali ɗaya ka tauye sai ta cafke ka. Yau Sauda za ta kai ƙarshen Littafi, daga nan Malama ta gwada haddarta, ta ja mata aya duk inda ta ga dama. Idan ta haye a ba ta ijaza, wato shaidar cewa ta ɗauka daga bakin malami kuma an yarda ita ma ta karantar.

Kuma babu wani "sai mako mai zuwa". Malama ta faɗa tun wancan zaman, jiki ya ƙi, 'ya'yanta sun sa ta ajiye karantarwa, wannan Alhamis ce ta ƙarshe, bayan Sauda ma wasu ɗaliban na jiran nasu lokacin. Dokokinta biyu ne tak. Ba a kawo mata hira a zaman karatu, kuma ba ta shaidar abin da kunnenta bai ji ba. Idan murya ta tsinke a tsakiyar aya, to a wurinta ayar nan ba a karanta ta ba.

"Yaya..."

"Tsaya ki ji. A gabana mai shagon ya gwada. Wallahi kafin in ƙifta ido bidiyo ya buɗe. Layin da duk manyan Kano ke yayi ke nan yanzu. Na zuba miki data ta wata cur, irin wadda ba ta da iyaka. Ki yi ta karatu har ki gaji."

"A Kano ya gwada ko?"

Ba Sauda ce ta yi tambayar ba. Murna ce da ta shigo da sallama tana cire takalmi a bakin tabarma. 'Yar Baba Baƙo ce, ƙawar Sauda tun suna firamare. Ita Kirista ce, tana cikin masu waƙa a cocinsu na Bunkure. Mahaifinta kuwa yana nan a kan tafarkin kakanninsa, bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba. Ta waya Murna ke sayar wa 'yan Kudu albasa da tumatir, shi ya sa rigar wayarta ta kumbura da sim iri-iri.

"Ina kwana Yaya Habibu."

"Lafiya," ya amsa a taƙaice. "Da Kano da Kura ai ƙasa ɗaya ce, sama ɗaya ce."

Murna ta danne dariyarta.

"Sama ɗaya ce Yaya, sabis ɗin ne ba ɗaya ba."

Kuma gaskiyarta. Mu nan ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure ba ma kiran layi da sunan kamfaninsa, da wurin da yake kamawa muke kiransa. Akwai layin bakin kwalta. Akwai layin bayan injin shinkafa. Akwai layin kan rijiya, wanda ya haɗiye wayoyin mutane ba adadi. Idan za ka sayi sim ba tallar rediyo za ka saurara ba, maƙwabcinka za ka tara ka ce, "Kai naka a ina yake kamawa?"

Na Sauda kuwa layin tudun Baƙo ne. Murna ce ta samo mata shi, bayan sun yi ta yawo gona-gona suna cire wannan sim suna sa wancan har farcensu ya kakkarye. A cikin gari ko saƙo da ƙyar yake turawa. Amma kana hawa tudun da ke gonar Baba Baƙo, inda ake hango ƙarfen sabis na hanyar Zariya, sai ya buɗe wuta.

"A gwada mana," in ji Murna. "Kira Anti Baraka a bidiyo mu gaisa."

"Ai kuwa yanzu za ki sha mamaki."

Ya kunna na'urar. Wata 'yar fitila ta kawo ja. Ya kai ta bakin taga, ja. Ya ɗora ta a kan buhunan shinkafa, ja. Ya tattare shadda, ya taka turmi, ya aza ta a kan katangar garken awaki. Sai ta kawo kore tana ƙiftawa kamar mai jin barci.

"Kun gani ko! Kun gani!"

Daga kan turmin ya kira matarsa. Fuskar Baraka ta fito, ta buɗe baki za ta gaishe shi, shi ke nan ta sandare a haka. Baki a buɗe, ido ɗaya a rufe.

"Abban... ka... sa... fiya..."

"Baraka! Kina ji na? Motsa mana!"

Umma da ke bakin murhu ta leƙo.

"Kai Habibu, sauko min daga kan turmi. Ka bar 'yar mutane da baki a buɗe, ƙuda zai shiga."

Murna ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Sauda kuwa ba ta yi ba, tausayinsa ne ma ya kama ta. Yaya Habibun nan shi ya saya mata wayar farko, shi ya bi malaman Kano ɗaya bayan ɗaya har ya samo mata lambar Malama. Duk gidan babu mai alfahari da karatunta kamarsa.

Ya sauko ransa a ɓace yana kakkaɓe riga.

"Zai daidaita. Sabo ne, sai ya saba da wurin."

"Yaya, rana fa ta fara ɗagawa."

"Na ce miki zai daidaita!"

"Idan bai daidaita ba fa? Idan na sandare wa Malama kamar yadda Anti ta sandare maka?"

Ya yi huci. Can ya ce:

"To bari in faɗa miki gaskiya tunda ita kike so. Ba sabis ne ya taso ni daga Kano ba. Magana ce ta same ni har shago. Ana cewa 'yar Malam Maharazu ta rasa inda za ta kai Alƙur'ani sai gonar mutumin da ko alƙibla bai sani ba."

Dariyar Murna ta ɗauke, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Habibu," Umma ta ce da muryar kashedi.

"Malam ya sani," Sauda ta ce a hankali. "Shi da bakinsa ya ce in je, tunda fili ne kuma Murna na tare da ni."

"Malam ba ya zaman majalisa, ni nake jin abin da ake faɗa. Ki zaɓa yanzu a gabana. Ga layina, ga ɗakin Umma. Ko kuwa nasu."

Sauda ta ɗaga kai ta dubi na'urar a kan katanga. Fitilar ta koma ja, wata akuya ma ta miƙe tana shinshina kunnenta.

Ta miƙe, ta ɗauki wayarta.

"Yaya na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi na san don ni ka yi. Amma yau ba ranar gwaji ba ce. Layin da na sani zan bi."

Ya daɗe yana kallonta.

"To mu je. In ga tudun nan da idona, in kuma ga abin da mai tudun yake nema a wurinki."

*

Suka bi bakin kanal, 'yan matan a gaba, shi a baya yana tura babur ɗin da ya zo da shi saboda laka. Kanal ɗin cike yake maƙil, ruwa na tafiya a natse.

Wanda bai san noman rani ba bari in ɗan gaya masa. Wannan reshen Alhamis kaɗai ake sako masa ruwa, daga asuba zuwa azahar a rufe ƙofa, sai kuma wani makon. Gonakin gefen tudu ruwa ba ya hawa musu da kansa, sai da injin ban-ruwa. Wurin jefa tiyo kuma ɗaya ne, bi da bi ake yi.

Gindin tsamiyar da ke kan tudun a share yake tas, an shimfiɗa tabarma. Ga 'yar sanda mai baki biyu a kafe, inda Sauda ke jingina waya. Kullum haka take tararwa, ba ta taɓa ganin sa'ad da ake gyarawa ba.

Baba Baƙo yana can ɗan nesa a kan kunya, ya ba tsamiyar baya kamar yadda ya saba, yana ɗinke wani tsohon kwandon tumatir. Gajeren tsoho ne, malafarsa ta sha rana har ta koɗe.

"Baba ina kwana."

"A'a, 'yar Malam an iso? Yau ce babbar ranar ko? Murna ta gaya min. A'a'a, har da ɗan Malam! Mutanen birni, sannu da zuwa, sannu sannu."

Habibullahi ya amsa ciki-ciki.

Sauda ta duba wayarta. Sandunan sabis sun cika fal. Ta ɗan karkato masa fuskar wayar don ya gani, amma shi hankalinsa ba a nan yake ba. Kafin ya tafi Kano sayar da yadi ya yi shekaru yana ban-ruwa a gonar Malam, kuma idonsa bai manta gona ba.

Ya dubi gonakin maƙwabta. Sharkaf suke, ruwa kwance a kowane fangali. Ya dubi ta Baba Baƙo. Ƙasa ta tsattsage, ganyen tumatir ya yi yaushi ya sunkuya, ga fure rawaya a zube a gindinsa.

Ya jingine babur, ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya murje. Ta zube daga hannunsa kamar gari.

"Baba, injinka lalacewa ya yi?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Fetur ne babu?"

"Akwai."

Bai yarda ba. Ya gangara bakin kanal ya buɗe tankin injin, ga mai nan a cike. Ya dafa jikinsa, sanyi ƙalau, yau ko tayar da shi ba a yi ba.

"Ikon Allah! Ga ruwa na wucewa, ga inji, ga mai, tumatir na zubar da fure, kai kuma kana ɗinkin kwando? Me za ka zuba a cikin kwandon?"

Ya kama igiyar injin zai ja.

"Kada ka tayar!"

Sauda ta zabura. Tunda take, ba ta taɓa jin Baba Baƙo ya ɗaga murya ba sai yau.

Habibullahi ya saki igiyar, ya hauro yana girgiza kai.

"Kin gani ko Sauda? Mai hankali zai zauna yana kallo gonarsa ta mutu? Akwai abin da ake yi a wurin nan. Ni dama na san ba banza ba. Mutum ya share miki wuri, ya shimfiɗa miki tabarma, haka kawai? Wa ya san abin da aka binne a ƙarƙashinta?"

"Yaya Habibu!"

Murna ce.

"Murna," tsohon ya ce ba tare da ya ɗago ba, "kama bakinki."

"Wallahi Baba yau ba zan kama ba. A gidansu ya faɗa na haɗiye. Yanzu kuma a gabanka, a cikin gonarka?"

"Na ce ki yi shiru."

"Ka dake ni in mun koma gida."

Ta juyo wurin Sauda, idonta ya kaɗa jawur.

"Ke Sauda, tunda kika fara zuwa nan, kin taɓa jin ƙarar inji kina karatu?"

Sauda ta tsaya tana tunani. Sau ɗaya ne, ranar farko. Injunan ban-ruwa na ta ruri ta ko'ina, Malama ta ce, "Wannan wace irin ƙara ce? Ba na jin ki," ta katse kiran. Ranar nan da kuka ta koma gida. Daga nan kuwa ba ta sake ji ba, ko sau ɗaya.

"Na ɗauka... na ɗauka duk da sassafe suke gamawa."

"Su suke gamawa! Baba shi ne babba a nan, shi ke da ruwan farko tun kafin a haife mu. Ranar da ya ga kin tafi kina share hawaye, gida-gida ya bi maƙwabtan gonarsa. Ya ce ya bar musu ruwan asuba, su sha su ƙoshi, amma da sharaɗi. Hantsi na yi kowa ya kashe injinsa."

"Shi kuma fa?" Habibullahi ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Shi sai ta naɗe tabarma ta tafi yake tayar da nasa, ya kwashi ɗan abin da ya samu kafin a rufe ƙofa. Bara rabin gonar nan bai yi ba. Da aka tambaye shi cewa ya yi tsutsa ce."

"Ai akwai tsutsar ma," in ji Baba Baƙo yana soka allura a kwando.

"Babu wata tsutsa Baba! Jiya na gaya masa karatun yau mai tsawo ne, zai kai azahar. Ka san me ya ce? Ya ce to. To kawai! Kai manomi ne Yaya, ka ga furen nan. Idan bai sha yau ba, kafin wata Alhamis akwai wanda zai rage a jiki?"

Murna ta nuna masa gindin tsamiyar.

"To je ka ɗaga tabarmar ka duba abin da aka binne."

Sauda ta zauna a kan kunyar gonar. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda. Duk ayar da Malama ta ce "maimaita", duk ranar da ita kanta ta ja karatu a hankali tana jin daɗin shirun wurin, ashe ruwan tsohon nan ne yake wucewa. Ita kuwa kullum ta zo ta ce "Baba ina kwana", ta tashi ta ce "Baba sai an jima", shi ke nan.

"Baba," ta ce da ƙyar. "Don me?"

Tsohon ya sosa ƙeya, kamar wanda aka kama da laifi.

"Yarinyar nan bakinta ba ya riƙe magana. Uwarta ta biyo."

"Baba don Allah."

Ya ajiye kwandon, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa.

"'Yar Malam, ni ban san abin da kike faɗa ba, ko kalma ɗaya. Amma a gidanmu, tun ina yaro, idan kakana ya shiga magana da abin da yake bauta wa, ko taɓarya ba a ɗagawa. Mata su ajiye daka, a kora awaki waje, jariri ma a sa masa nono ya yi shiru. Haka na taso na gani. To ke kin zo gonata kina magana da Ubangijinki, sai in kunna miki inji a ka? Ai ban iya ba."



"Kuma na ga aikinki," ya ci gaba. "Akwai ranar da matar nan ta cikin waya ta yi ta mayar da ke wuri ɗaya, ni da nake nesa har na gaji da ji, ke ba ki gaji ba. Na ce a raina, wannan yarinya da namiji ce da ba ta bar kowa ya riƙe fartanya a garin nan ba. Tumatir kuwa ai ana sake shukawa."

Ni dai mai ba ku labarin nan na ga masu kyauta iri-iri, har da masu kiran mai hoto kafin su miƙa. Amma mutumin da zai yi kyautar ruwan rani, ya kuma ɗora wa tsutsa laifi don kada a gode masa, wallahi ban taɓa gani ba sai Baba Baƙo.

Habibullahi ya cire hularsa. Ya taka a hankali ya je gaban tsohon, ya durƙusa a cikin ƙasa da farar shaddar nan tasa.

"Baba ka yafe min. Na yi maka mummunan zato, na faɗi abin da..."

Baba Baƙo ya katse shi.

"Tashi, tashi, za ka ɓata riga. Ƙanwarka kake karewa. Da ni ne ma haka zan yi."

Daidai nan wayar Sauda ta ɗauki ƙara.

Malama ce.

"Ɗauka!" in ji Murna.

Sauda ta ƙura wa wayar ido, ba ta motsa ba.

"Baba, ka tayar da injinka."

"Ɗauki wayarki 'yar Malam."

"Wallahi ba zan iya ba. Da wane baki zan karanta ina kallon furen nan yana zuba?"

"Ki rufe ido mana. Ba da ka kike yi ba?"

"Baba don girman Allah..."

Tsohon ya miƙe, ya gangara bakin kanal, ya zauna daram a kan injin ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"To mai tayarwa ya zo ya ɗaga ni."

Kiran ya yi ta ƙara har ya tsinke.

Murna ta ɗora hannu a ka. Duk sun sani, Malama idan ta sake kira ba a ɗauka ba, ta wuce wurin ɗalibi na gaba ke nan.

Sai gani suka yi Habibullahi ya tuɓe shaddar ya rataya a kan babur. Daga shi sai singileti, ya naɗe wando har gwiwa. Ya shiga 'yar bukkar gona ya fito da bokitai biyu, ya faɗa kanal tsundum.

"Bokiti ba ya ƙara," ya ce yana haurowa da su a cike. "Sauda ki je ki zauna. Ki karanta."

Murna ta ɗaure zani ta suri wata jarka ta bi shi. Baba Baƙo ya yi 'yar dariya.

"Ɗan birni, za ka iya kuwa?"

"A nan aka haife ni Baba."

"To fara da na can ƙarshe, su suka fi jin jiki."

Shi ma ya sauko daga kan injin ya ɗauki wani tsohon garwa.

Sauda ta hau tudun ta zauna a kan tabarma, ta jingina wayar a jikin sandar. Ita ma 'yar manomi ce, ba sai an gaya mata ba. Mutum uku da bokiti, ɗaya tsoho, ko kusurwa ɗaya ta gonar nan ba za su jiƙa ba kafin a rufe ƙofa. Ƙasar tana shanye bokiti guda kafin mai zubawa ya juya baya.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara.

Ta share fuska, ta gyara hijabi, ta danna.

Fuskar Malama ta fito tar, har layukan tsufa da ke goshinta ana gani. Muryarta ta fito garau kamar tana zaune a bakin tabarmar.

"Assalamu alaikum Sauda. Yau kin sa ni maimaita kira. Bismillah, fara."

Sauda ta buɗe baki. A'uziyya tana kan harshenta. Sai idonta ya tsallake saman wayar ya sauka a kan Baba Baƙo. Yana haurowa daga kanal a duƙe, garwan ya rinjaye shi gefe guda, rabin ruwan na zuba a ƙafafunsa. A hankali yake takawa, a hankali ya ajiye, don kada garwan ya yi ƙara.

"Malama, ki gafarce ni. Ina da magana."

Malama ta ɗago ido ta saman tabarau.

"Kin san dokata."

"Na sani."

Ta zare wayar daga jikin sandar, ta miƙe tsaye, ta juya kamarar ta fuskanci gona.

"Malama, kin sha yaba shirun wurin nan. Kin ce ɗalibanki na manyan birane ma ba su da wuri mai natsuwa irin nawa. To ga mai shirun can, wancan tsohon mai garwa. Ba Musulmi ba ne. Tunda na fara karanta miki yake kashe injinsa yana barin ruwansa ya wuce, ban sani ba sai yanzu. Idan na karanta yau, gonarsa ta tafi."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta haɗiye ta ƙarasa.

"Ba zan iya farawa ba sai gonar nan ta sha ruwa. Ko da ijazar za ta wuce ni."



Ta juyo da wayar. Malama na nan a yadda take, ko motsi babu. Sauda ta duba sandunan sabis, a cike suke fal. Ba layi ne ya sandare ba, Malama ce ta yi shiru.

Can ta ga tsohuwar ta ɗaga hannu a hankali ta cire tabarau.

"Sauda."

"Na'am Malama."

"Sauka ki kai masa wayar nan."